Ba Na Son Adireshin Kuma, Goggo

Wata rana da hantsi ina zaune a wani shagon intanet a Gombe, wani bawan Allah na gefena yana ta tsaki, har na gaji na leƙa.

Sabar wurin aikinsu, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanansu, yake son shiga daga nesa, ta ƙi buɗuwa.

Ba a shiga sabar nan kai tsaye. Sai an bi ta furoksi, wato wata kwamfuta da ke tsakiya kamar ɗan aike. Kai ka ba ta saƙo, ita ta kai.

Na duba saitinsa, na ga matsalar. Kwamfutarsa ta nace sai ta nemo adireshin sabar da kanta, sannan ta miƙa wa furoksi. Alhali adireshin nan ɓoyayye ne, na ciki kaɗai suka san shi.

Na gyara abu ɗaya, nan take ta buɗe.

Ya ce, "Malam, me ka taɓa?"

Na ce, "Ce mata na yi ta daina neman gidan. Ta ba ɗan aike suna kawai, shi ya san hanya."

Na zaci godiya zai yi. Sai ya tura kwamfutar gefe, ya fara ba ni labari.

Ashe ƙaninsa Haladu ya bar gida tun wani rikici da suka yi kan gonar gado. Ga mahaifiyarsu kwance ba lafiya, kullum sunan Haladu take kira. Goggonsu ce kaɗai ta san inda yake, kuma Haladun ya sa ta yi alkawarin ba za ta faɗa ba.

Shi kuwa yayan, duk zuwan da zai yi wurin Goggo, magana ɗaya ce: a ba shi adireshi, ya je da ƙafarsa. Irin taurin kan nan namu na manyan yayye.

A gabana ya kira ta.

"Goggo, ba na son adireshin kuma. Ki dai ce masa Inna na kiransa. Ni ma ina kiransa."

Ina jin muryarta ta wayar: "Ɗan nan, ai abin da nake jira ka faɗa ke nan."

Na koma kan aikina, amma wallahi hankalina na wurinsa.

Ina naɗe cajata zan tafi, wayarsa ta yi ƙara. An ɓoye lambar.

Ya ɗauka. Daga can aka ce:

"Yaya... yaya jikin Inna?"

Darasi: Wanda ya ɓoye maka inda yake, wataƙila yana jira ne ya ji da wace murya kake nemansa. Idan Allah Ya ba ka mai shiga tsakani, kada ka matsa masa ya karya amana. Ba shi saƙonka, ka bar masa hanya.

Ka tura wa wani. Ba ka san wanda ke da Haladu a gidansu ba.