Hannu a Aljihu

Ni mai gyaran takalmi ne. Tun ina da ƙarfina nake zama a ƙofar makarantar unguwarmu, ƙarƙashin rumfar kwano, ina fuskantar doguwar katangarta. Mutumin da zan ba da labarinsa maƙwabcina ne, ɗakinsa na jikin nawa a gidan haya. Magini ne. Mai Yatsa kowa ke ce masa, kuma a jikin katangar nan ya samo sunan.

Shekarar da aka yi wa makarantar fenti, shugabanta ya ɗauko mai zane don ya zana wa yara wani labari da ke cikin littafinsu na tarihi. Labarin wani jarumi ne da ya ƙi miƙa wuya ga mayaƙan da suka ci garinsu, ya ɓuya, sai wani mutum ya nuna musu maɓoyarsa. Mai zanen yana neman fuska biyu. Da ya waiwaya sai ya ga leburori biyu suna hutawa a kan bencina, abokan juna, ƙafafunsu duk siminti. Ɗaya mai faɗin ƙirji ne, ɗayan siriri mai dogon wuya, da tabo a gira.

Ya ce, "Kai ƙato, tashi ka ɗaga kai sama kamar kana fushi da hadari. Kai kuma siriri, miƙa hannu ka nuna shi."

Siririn ya ce, "In nuna shi, me ya yi?"

"Ya cinye maka abinci. Kai dai nuna."

Suka yi ta dariya, har mai zanen ya tsawata musu don su daina motsi. Babu wanda ya gaya wa siririn ko wane ne zai zama. Sai da fenti ya bushe muka ga abin: ga ƙaton nan tsaye a tsakiyar mayaƙa, kansa a sama, ga abokinsa a gefe ya ranƙwafa, ya miƙe yatsa, har tabon girar bai ɓace ba.

Daga ranar ƙaton ya zama Jarumi. Malamai kan fito da yara aji-aji, su jera su a gaban katanga. Malami ya ɗora sanda a kan fuska ɗaya ya ce, "Ku zama kamar wannan." Ya matsa da sandar ya ce, "Kada ku zama kamar wannan." Wani lokaci a daidai nan mai fuskar zai zo wucewa da shebur a kafaɗa. Yara su bi shi suna cewa, "Mai Yatsa, ina ya ɓuya?"

Da farko dariya yake yi. Daga baya ya daina. Na lura ya soma sa hannun dama a aljihu, ba ya fito da shi sai in aiki zai yi. In baƙo ya tambaye shi hanya, ba ya nunawa. Sai ya ajiye abin da yake yi ya raka mutum har inda za shi, ko da rana ta take. Bai taɓa kai ƙarar kowa ba. An taɓa satar kayan aiki a wani gini, ya ga wanda ya ɗauka, amma ya gwammace a kore shi da ya faɗa. Duk da haka in ya shigo wuri sai mutane su sauya zance. Wanda bai san shi ba ma yakan ce fuskar nan ba ta kwanta masa ba, ya rasa dalili.

Shi kuwa Jarumi tafiyarsa ma ta sauya. Kansa kullum a sama, maganarsa ɗaya, in ya ce zai yi abu to ko me zai faru sai ya yi. Masu gini suka yarda da shi, ba a daɗe ba ya zama shugaban ma'aikata. Ban ce mugun mutum ba ne. Bai yar da abokinsa ba, duk inda ya sami aiki da shi yake tafiya. Ƙanwar Jarumi ma Mai Yatsa ta aura, ita ta ce shi take so. Takan ce wa matan gidanmu, "Ku mazajenku ko hoto ba su da shi, nawa kuwa yana cikin tarihi." 'Ya ɗaya Allah ya ba su, suna ce mata Auta, ko da yake ita ce ta farin. Bakinta irin na uwarta ne. Da ta girma ta koyi ɗinki.

Abin da zan faɗa yanzu ban san shi ba sai bayan da komai ya wuce. Daga bakin Mai Yatsa na ji.

An ba Jarumi ginin wani bene a bakin titi, shaguna a ƙasa, ɗakunan haya a sama. Ya yi wa mai ginin alkawari a gaban mutane cewa zai rufe shi kafin damina. Ranar da za a zuba ginshiƙin kusurwa, wanda ya fi kowanne ɗaukar nauyi, rodi mai kauri ya ƙare, siminti ma ya yi kaɗan, ga hadari ya haɗo. Jarumi ya ce a sa siririn rodi, a ƙara yashi. Mai Yatsa ya ja shi gefe.

"Abokina, wannan ba zai ɗauki bene ba. Mu jira kaya su zo."

"In koma in ce wa mutumin nan na kasa? Ni? Kai dai zuba, na ce zai ɗauka."

Ya zuba. Bayan an yi shafe, injiniya ya zo dubawa. Mutumin kirki ne, ya tara ma'aikata ya ce, "In akwai inda aka sauya abin da na ce a sa, ku nuna mini. Yanzu gyara ba wuya, kuma ba zan kori kowa ba."

Wani lebura ya ce, "Yallaɓai, tambayi Mai Yatsa. Nuni ai aikinsa ne."

Aka kwashe da dariya. Jarumi na tsaye a jikin ginshiƙin, kansa a sama. Mai Yatsa ya ce mini a lokacin ba ginin yake gani ba, katangar makaranta yake gani, da sandar malami. Ya danna hannu cikin aljihu ya ce, "Ban ga komai ba, yallaɓai."

Benen ya tsaya, mutane suka tare. Bayan wasu shekaru Jarumi ya yi wa 'yar ƙanwarsa alheri: ya sa baki aka ba Auta shago a ƙasan benen. Shagon kusurwa. Ta kafa kekenta a gindin ginshiƙin nan, don a nan haske ya fi shigowa.

Uban ya same ta ya ce, "Auta, ki bar shagon nan."

"Saboda me, Baba?"

"Bai yi mini ba."

"Kai da ka gina shi da hannunka? Ko kishi kake da Kawu, ya riga ka yi mini gata?" Ta yi dariya, ta ci gaba da taka keke. "Faɗa mini dalili, yau ɗin nan in kwashe kayana."

Bai faɗa ba. Dalilin sunan kawunta ne.

Da tsaga ta bayyana a jikin ginshiƙin, Mai Yatsa ya je ya shafe ta da siminti. Ta sake buɗewa. Ya kawo katako mai kauri ya tokare rufin, Auta ta sa aka cire, ta ce yana tare wa masu kawo ɗinki hanya. Ya tafi wurin Jarumi ya ce su je su faɗi gaskiya tare.

Jarumi ya ce, "Tun yaushe ginin nan yake tsaye? Ya faɗi? Tsagar shafe ce kawai." Da ya ga abokin bai tafi ba sai ya ƙara da cewa, "To je ka faɗa mana. Ga ni, ga yatsarka. Ai ba yau ka fara ba."

A lokacin ne na ga Mai Yatsa ya soma ramewa. Ranar da ba shi da aiki yakan wuni a shagon Auta, ya jingina bayansa da ginshiƙin, har ta riƙa yi masa tsiya wai ta sami mai gadi kyauta. Wata rana ya zauna a bencina ya daɗe yana kallon katanga, ya ce, "Mai Takalmi, shi wancan na jikin bango, an taɓa tambayarsa abin da ya sa ya nuna?"

Na ce ban sani ba, ni dai ban taɓa jin malaman sun faɗa ba.

Damina ta yi ƙarfi a shekarar. Wata safiya ya sa rigarsa mai kyau ya tafi ofishin injiniya. Ya kai har ƙofa, ya tarar da mutane a zaune suna jira, ɗaya daga cikinsu ya gane shi ya yi murmushi. Sai ya juyo, ya ce wa ransa gobe. Da hantsi ana yayyafi kusurwar benen ta zauna. Daga rumfata muka ji ƙarar.

Mutane na ta tona nan da can. Shi bai yi kame-kame ba, wuri ɗaya ya nufa, ya tona da hannu har faratansa suka cire. Ya sami Auta a kan kekenta, tare da wata mata da ta zo gwada riga. Babu mai rai a cikinsu.

Da hukuma ta zo bincike, a gaban ɓaraguzan aka tara mutane. Aka tambayi wanda ya sa a yi ginshiƙin haka. Ma'aikatan duk suka sunkuyar da kai, don babu mai iya kiran sunan Jarumi. Shi ma yana wurin, idanunsa jajur, amma kansa a sama yake, ina jin ya manta yadda ake sauke shi. Sai Mai Yatsa ya zaro hannunsa daga aljihu, duk a naɗe da tsumma, ya miƙa.

"Shi ya ce a zuba. Ni na zuba."

A bayana na ji wani ya ce a hankali, "Wallahi kamar a bango."

Aka tafi da su duka biyun. Jarumi ya daɗe a gidan yari, a can ya rasu. Mai Yatsa bai kai shi daɗewa ba. Ranar da ya dawo matarsa ta riga ta ɗaure kayanta. Ba ta ɗaga murya ba, amma bangon da ke tsakaninmu siriri ne.

Ta ce, "Baban Auta, da ka nuna shi tun ranar, da na rasa yayana na riƙe 'yata. Yanzu ka raba ni da su duka."

Ta tafi wurin danginta, ba ta sake dawowa ba.

Babu wanda ya ƙara ba shi aikin gini. Wasu na cewa ya ci amanar abokinsa, wasu na cewa ya kashe 'yarsa da shiru, akwai ma masu faɗin duka biyun a zama ɗaya. Ya koma wuni a bencina, yana miƙo mini ƙusa da zare. Katangar kuwa an shafe ta, an yi tallan sabulu a kai. Yaran yanzu ba su san an taɓa zana komai a wurin ba.

Kwanaki kaɗan kafin tarin da ya yi ajalinsa ya kwantar da shi, wani baƙo ya tsaya a rumfar ya tambayi hanyar asibiti. Ni ina da allura a baki. Mai Yatsa ya ɗaga hannu ya nuna masa, ya ce ya miƙe, in ya kai famfo ya yi dama. Baƙon ya yi godiya ya wuce, ko fuskarsa bai kalla ba.

Ya daɗe yana duban hannun. Can ya ce, "Shi ke nan fa, Mai Takalmi. Iyakar abin ke nan."

Na ce, "Iyakarsa ke nan."

Ya ɗora hannun a kan gwiwa ya bar shi a nan.