Kaskar da Na Fizge a Idon Ƙanwata

Duk lokacin da na ji warin garke bayan ruwan farko, sai garinmu Zagga ya dawo mini, da wata damina da na kusa jawo wa ƙanwata asarar ido.

Muna yara a lokacin, gidanmu yana dab da burtalin shanu. Wata rana muka dawo daga yankan ciyawa, na hango wani abu baƙi, bai kai ƙwayar riɗi ba, manne a fatar idon ƙanwata. Kaska ce. Na sha ganin makiyaya suna fizge ta a jikin shanu, ni kuma ga rawar kai. Na sa farce na fizge, na murƙushe, har ina jin na yi gwaninta.

Washegari wurin ya yi ja. Kwana uku, ido ya kumbura ya rufe ruf, ga ƙaiƙayi, ga zafi. Innarmu ta ce kambun baka ne, aka yi ta hayaƙi da tofi. Ni kuwa na ɓoye zancen kaskar, tsoro ya hana ni cin tuwo.

Ranar kasuwar Illo, tsohuwar Bafulatanar da ke kawo mana nono ta biyo. Ta sauke ƙwarya, ta juya fuskar yarinyar wajen rana, ta daɗe tana kallo.

"Wanga ba aikin baki na ba," in ji ta. "Kaska ta. Wa ya hizge ta?"

Ni take kallo. Na fashe da kuka.

Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ciro matsefata, ɗan ƙarfen nan na cire ƙaya, daga igiyar wuyanta, ta wanke da ruwan zafi. Ta ɗora ta a kan fatar idon, ta ja a hankali. Sai ga ɗan baƙin abu a bakin matsefata, da ƙyar ido ke ganinsa.

"Kan kaskar ya tsaya ciki, ɗiyata. Mutum ba saniya ba ne, sannu aka ja."

Har yau abin yana ba ni mamaki: ɗan wannan ɗigo ya rufe ido, tsohuwa kuma ta gano shi cikin kumburi. Bayan kwana biyu ido ya buɗe.

Yanzu an nome burtalin, masu kumburi asibitin Bagudo suke zuwa. Tabon yana nan a fatar idon ƙanwata. Nawa idanun sun fara dushewa, in zan yi ɗinki ita nake miƙa wa allura, ta zura mini zare.