Nevena, Madubin Yara

Ni na koyar da Nevena Doycheva nahawu a makarantar unguwarmu ta Yambol. Ba ta yi fice a aji ba, amma duk wanda ya gan ta tana taka rawar iyayenmu da ake kira horo, a gidan rawa na Malama Velichka, ya san inda Allah ya ajiye mata baiwa. Burinta ɗaya ne, ta sami shiga wata babbar ƙungiyar rawa a babban birninmu Sofiya, wadda ba ta gwada mutum sau biyu.

Tana da shekara goma sha uku Malama Velichka ta kira ta.

"Ke, mai ƙafar barewa, zo nan. Daga yau ke za ki tsaya wa ƙanana."

"Ni, Malama?"

"A'a, kakarki. Juya ki fuskance su mana!"

A ranar mahaifiyarta, Stoyanka, ta gasa banitsa, wainar nan mai cuku, ta raba wa maƙwabta, har da ni. "Malam, 'yata ma ta zama malama," in ji ta. "Sai ka nemi wata sana'ar." Na ci, na sa albarka, domin ban san kome game da rawa ba.

Masu rawar horo jeri suke yi, kowa riƙe da ɗamarar na kusa da shi, sahu yana tafiya dama. Mai taimaka wa malama kuwa yaran take fuskanta, saboda haka dole ta zama madubinsu: idan ta ce dama, sai ita ta taka hagu. Haka Nevena ta yi ta yi kowace yamma har ta gama sakandare. Yaran suka ƙware, iyaye suka yaba, ajin ƙanana ya cika. Nata darasin ya riƙa raguwa, domin lokacin da ake koyar da manya ita tana ɗaure wa ƙanana takalma.

Da lokacin gwaji ya yi, ta tafi Sofiya da kayan rawar da kakarta ta yi wa ado da zare. Aka jera su, aka kama ɗamara. Da farko lafiya lau. Amma da mai ganga ya ƙara sauri, inda hankali yake sakar wa ƙafa aiki, sai sahu ya yi dama, Nevena ta yi hagu. Ta fizgo yarinyar da ke gefenta, suka zube tare.

Shugaban alƙalan bai ko yi fushi ba.

"'Yata, yara kike koyarwa, ko?"

"E, ranka ya daɗe."

"An gani. Koma musu, suna jiranki."

Da ta dawo, ta tambayi Malama Velichka ko ta san haka za ta faru. Tsohuwar ta ci gaba da shara, ta ce, "Ni ma kina tsammanin don muni aka ƙi ni a Sofiya?"

Nevena ta gaji gidan rawar bayan rasuwar Malama. A gidan biki ba ta shiga sahu. Takan zauna ta riƙe wa mata jakunkuna.

Bara na raka jikata gidan rawar. Na tarar da Nevena a kan kujera, gwiwarta a naɗe da bandeji. A sahun akwai wata yarinya, Zdravka, wadda ko ni makahon rawa na ga ta fi kowa. Nevena ta daɗe tana kallonta, sannan ta kira ta, ta ce ta juya ta fuskanci ƙanana.

Na matsa kusa na ce, "Nevena, kin manta ne?"

"Malam, yaya zan manta? To, wa zai tsaya musu? Kai?"

Na koma wurin zamana. Ana tashi, Zdravka ta fita da gudu, ko takalma ba ta sauya ba, don ta yi wa mahaifiyarta albishir.