Kabarin Katako na Mai Akwati

Shagon Mai Akwati yana daidai kwanar layi, inda titi ya matse, amma duk matsin nan mutane sun gwammace su tsallaka kwata da su bi ta bakin ƙofarsa. Kafinta ne na gaske. Ya iya gado, ya iya kujera, ya iya kabad. Sai dai tunda akwatin gawa ne ya fi fita daga hannunsa, sunan ya manne masa har na asalin ya ɓace. Ko matarsa, in ranta ya ɓaci, da shi take kiransa.

A wajen mahaifinsu ya koyi aikin, a cikin wannan shagon, shi da ƙanensa Auta. Shi ya zauna ya sha ƙurar katako har ta zame masa turare. Auta kuwa wata uku ya yi, zarto ya ɗan yanke shi a yatsa, mahaifiyarsu ta ce ɗanta ba zai ƙare da guntun hannu ba. Shi da ya yanke sau goma ba wanda ya ce masa sannu. Tun daga ranar wani abu ya tokare masa a ƙirji, kuma yau shekara arba'in ke nan bai sauka ba. Kishi ne, ba wani abu ba, ko da yake in ka faɗa masa haka sai ya daina gaishe ka.

Auta ya girma ya buɗe kanti, kuma duk faɗin gari bai ga wurin buɗewa ba sai tsallaken titi, ido da ido da shagon yayansa. Kayan biki yake sayarwa. In makon Ista ya matso, kantin sai ya cika da balan-balan, da ƙwai na cakulan a naɗe cikin takarda mai ƙyalli, da zomaye na auduga masu jan kunne, da kwanduna ɗaure da kirtani mai launi. Mutane su yi ta shiga suna fita da dariya. Mai Akwati yana tsaye da guduma a hannu yana kallo. Wanda ya shigo wajensa da jan ido yake shigowa, ya yi magana ƙasa-ƙasa, ya fita ba waiwaye. Har matarsa ma a makon nan tsallakawa take yi ta taya Auta ɗaure kwanduna, ta dawo da yamma tana ƙanshin cakulan tana ba da labari.

"Zomo," yakan ce mata. "A wace sura kika karanta cewa zomo ya je bakin kabari?"

"Ai yara ne ke so, Baban yara."

"Yara ne ke so, ƙanena ne ke ci."

Amma kada a zalunce shi, bangaskiyarsa ba ta baki ba ce. Mahaifinsu ƙusa yake buga wa murfin akwati, haka ma duk kafintocin da ya sani. Shi tun yana saurayi ya daina. Hinji yake sawa, irin wanda ƙofar ɗaki ke juyawa a kai, guda uku, ya ɗiga musu mai, ya buɗe ya rufe har sai ya ji ba ƙara. In mai gawa ya tambayi dalili, sai ya ce, "Za a buɗe shi wata rana. Me zai sa in wahalar da mai buɗewa?" Wasu su yi murmushi, wasu su ɗauka taɓin hankali ne. Shi kuwa da gaske yake.

Akwai kuma kabarinsa. Shekara ashirin da biyu da suka wuce ya ƙera wa ikkilisiya kabari na katako, mai tsayin mutum, ya yi masa fenti ruwan toka, ya yanka wani faffaɗan faifai na katako mai kauri a matsayin dutsen bakin ƙofa. Duk shekara a bayan shago yake zama cikin buhuna. Ran Asabar, jajiberin Ista, ya ɗora shi a amalanke ya kai majami'a. Ran Lahadi da safe, in Fasto ya karanta inda matan suka iske an kawar da dutsen, sai Mai Akwati ya miƙe cikin farar rigarsa, ya taka a hankali, ya mirgine dutsen gefe, jama'a su ga ciki ba kowa sai farin ƙyalle a ninke. Minti biyu ne duka-duka. Amma a shekara gaba ɗaya, wannan ne kaɗai lokacin da mutane ke dubansa ba su tuna da mutuwa ba, kuma Auta yana can baya a zaune kamar kowa.

Bara, wata bakwai kafin Istar bana, matar Auta ta rasu. Mai Akwati ya yi mata akwati da katakon da ya fi kowane kyau a shagon, ya sa hinjinta uku. A bakin rami ya yi ta satar kallon ƙanensa, bai ga hawaye ko ɗigo ba. Bayan kwana uku kacal Auta ya buɗe kanti. Mai Akwati ya ce wa matarsa, "Kin gani ko? Mutumin da ya saba da takarda mai ƙyalli, ko makoki bai iya ba." Ta ce kowa da yadda yake kukansa. Ya ce wannan dai ba ya yi.

To, saura mako biyu Ista, bayan sujada, wani dattijon ikkilisiya ya tashi ya yi sanarwa cewa bana Auta ya ɗauki nauyin ƙawata majami'a gaba ɗaya, daga ƙofa har gaban bagade. Aka yi tafi. Mata suka juya suna yi wa Auta murmushi. Mai Akwati bai ji komai ba sai kalma uku, har gaban bagade, domin nan ne wurin kabarinsa. Ba wanda ya ce masa kada ya kawo. Shi ma bai tambayi kowa ba. Ina zai tambaya? Ya je ya roƙi ƙanensa wuri a tsakanin zomaye?

Ran Larabar makon Ista Auta ya tsallako, ya tsaya a bakin ƙofa yana kakkaɓe takalmi.

"Yaya, sannu da aiki. Ara mini abin awonka."

Mai Akwati ya miƙa masa ta baya ba tare da ya ɗago ba. Ya ji Auta ya zagaya bayan shago ya ɗan jima, sannan ya wuce. Wato yana auna kabarin ne don ya san girman abin da zai maye gurbinsa ke nan. Ya yi ta hasko wani ƙaton zomo mai tsayin mutum a gaban bagade, har ya buge yatsansa da guduma.

Ran Alhamis wata tsohuwar malamar makaranta ta rasu, 'ya'yanta suka zo neman akwati, jana'iza ran Asabar. Daga baya Mai Akwati ya so ya ce katako ne ya yanke masa. Ƙarya ne. Katako yana nan jingine har rufi. Abin da ya faru shi ne, bayan sun tafi ya leƙa waje, ya ga layi a ƙofar Auta har kan titi, ya ga matarsa a ciki tana dariya har da riƙe ciki. Sai ya zagaya baya, ya yaye buhunan, ya sa guduma ya ɓalle kabarin falanki bayan falanki. Tunda ba sa so, ai sai ya yi amfani. Ya goge fentin waje, ya haɗa akwatin malama, ya sa hinji. Dutsen kaɗai ya bari, don faifai ba ya shiga jikin akwati. Yana aikin yana jin wani daɗi mai ɗaci, yana ce wa kansa kishin gidan Allah ne ke cinsa.

Matarsa ta dawo ta ga buhuna a ƙasa ba komai a ciki.

"Mai Akwati, me ka yi?"

"Aikina na yi."

Ran Lahadi ya sa farar rigarsa ya tafi da wuri, don ya ga abin kunyar da idonsa, ya samu abin faɗa na shekara guda. Ya kuwa samu. Balan-balan a kowane ginshiƙi, kwandunan ƙwai a kowace taga, zomayen takarda a jere a bango kamar masu jiran mota. Ya fara gyaɗa kai ke nan sai idonsa ya kai gaban bagade. Ba komai a wurin. An share, an goge, an shimfiɗa tabarma sabuwa, an jera furanni hagu da dama, an bar tsakiya fili. Ido na kafinta ba ya ɓata awo. Faɗin filin nan faɗin kabarinsa ne, har da ɗan sarari a dama inda dutsen ke tsayawa.

Auta ya taho da sauri, gumi a goshi, kirtani rataye a wuya.

"Yaya, amalanken ne ya lalace? Jiya har yamma ina nan ina jira. Na ce ko jana'izar malama ce ta riƙe ka."

Mai Akwati ya sake duban filin.

"Na auna shi sau biyu," in ji Auta. "In wurin ya yi kaɗan a kwashe furannin, ba komai ba ne. Duk tarkacen nan na yara ne."

"Babu shi," in ji Mai Akwati. "Na ɓalle. Yana jikin akwatin malama."

Auta ya dube shi. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya zauna a bencin gaba, ya cire kirtanin daga wuyansa yana naɗewa a yatsa.

"Da can ban cika kallo ba, Yaya, gaskiya. Kana mirginawa ina tunanin kanti. Amma ran da muka kai matata kabari, na ga ka sa mata hinji. Tun ranar nake jiran safiyar nan. So nake in ga an buɗe ɗaya da idona, ko na katako ne."

Mai Akwati ya juya ya fita. Mutane suna shigowa cikin sababbin kaya, yana ratsa su. Ya je shago ya fito da dutsen, bai tsaya neman amalanke ba, ya tayar da shi a kan titi ya riƙa garawa kamar taya. Dattijo da farar riga yana bin faifan katako da gudu-gudu, masu mota suna yi masa ham, kwata ta fantsama masa a ƙafar wando. Ya iso ana waƙar farko. Ya gara shi ta tsakiyar majami'a, ya tsayar da shi a tsakiyar filin, ya tokare da littattafan waƙa biyu. Sannan ya zauna kusa da ƙanensa yana haki.

Fasto ya hau ya fara karatu. Da ya kai wurin, sai ya ɗago ya dubi Mai Akwati kamar kowace shekara, jama'a ma suka juyo. Minti biyunsa ke nan, sau ɗaya tak a shekara. Ya riƙe gefen benci, ya ji kamar ana zare masa haƙori. Sannan ya zunguri Auta da gwiwar hannu.

"Tashi ka je."

Auta bai iya ba. Ya kama dutsen ta sama maimakon ta gefe, ya manta da littattafan, faifan ya yi tangal-tangal har mawaƙan gaba suka janye ƙafa. Da ƙyar ya tura shi dama. A bayansa ba kabari, ba ƙyalle, sai tabarma da farin bango. Fasto ya ce, "Ba ya nan, ya tashi." Auta ya tsaya yana kallon filin, sai kafaɗunsa suka fara rawa. Kukan wata bakwai ya zo masa a tsaye a gaban kowa, da ƙarfi, ba kunya. Can wata tsohuwa ta ɗauki waƙa, aka amsa.

Mai Akwati ya ji tausayin ƙanensa, wannan gaskiya ne. Amma a ƙarƙashin tausayin, tsohon abin nan ya motsa. Shekara ashirin da biyu yana mirgine dutsen nan, yana lura da taku, yana lura da riga, bai taɓa ganin abin da Auta ya gani a wannan bangon ba. Mai sayar da zomo, wanda ko riƙon dutse bai iya ba. Har a nan ma ya riga shi.

Da aka tashi, mata suka kewaye Auta suna cewa ba su taɓa ganin Ista irin ta bana ba, wa ya ba shi dabarar barin wurin fili haka? Auta ya nuna yayansa, ba wadda ta juya. Matar Mai Akwati ta zo ta tura masa ƙwan cakulan ɗaya a aljihu, shi kuma bai fitar ba.

A hanyar gida Auta ya ce shi zai gara dutsen. Mai Akwati ya bar masa, yana biye da shi a baya da jiƙaƙƙen wando, yana ta faɗa masa ba haka ake riƙewa ba.