Kujera a Ɗakin Baya

A gidan burodin da ke bayan tashar mota babu mai kiranta da sunanta. Jirgi ake ce mata, saboda saurin tafiyarta. Siririya ce, ta ba hamsin baya, amma in ta ɗauko tire daga bakin tanda sai kowa ya ba ta hanya. Aikinta zuba burodi a leda. Mata ne jere gaban wani dogon teburin ƙarfe, a tsaye kan siminti daga safe har la'asar, hannu na aiki baki na aiki. Wadda ke tsayawa a damanta Rediyo suke ce mata, don ba a san inda ake kashe ta ba. A bakin teburin nan Jirgi ta yi kukan rasuwar mijinta, a nan kuma ta ba da labarin auren 'yarta tilo, wadda miji ya tafi da ita wani gari mai nisa.

Ɗaki ɗaya take haya a saman bene. Gado, risho, sai ƙaramin firij da 'yar ta bar mata. Kwana kawai ke kai ta can. Rayuwarta tana wajen teburin.

Wata safiya ta sauko da ƙafar hagu daga gado, sai ta ji kamar ta taka ƙusa. Ta koma ta zauna, ta juya tafin ƙafar tana dubawa. Ba ƙaya, ba kumburi, ba komai. Da dafa bango ta kai banɗaki. Kafin ta isa wurin aiki ciwon ya lafa, har ta manta da shi. Washegari ya dawo, a wuri ɗaya, tsakiyar dunduniya. Daga nan ya zama shi ne mai yi mata ina kwana.

A wurin aiki, duk lokacin da suka zauna hutun rana, miƙewa sai ta gagare ta. Ta riƙa ɗingishi tana cije leɓe.

Rediyo ta ce, "Jirgi, taya ce ta yi faci?"

Aka yi dariya, ita ma ta yi. Da abin ya yi tsanani ta cire silifas ta nuna musu wurin. Suka leƙa ɗaya bayan ɗaya.

"Ni dai ban ga komai ba," in ji Rediyo. "Ƙafarki ma ta fi tawa kyau."

Ba da mugunta ta faɗa ba. Amma ranar da wuƙa ta ɗan yanki wata a yatsa, yini aka yi ana yi mata sannu. Ciwon Jirgi ba shi da jini, ba shi da bandeji, don haka ba shi da masu dubiya.

Ta gaya wa 'yarta a waya. Ta can ana jin kukan yara da ƙarar famfo.

"Umma, gajiya ce. Ki shafa man zafi. Bari in duba yaran nan, zan kira ki."

Ta shafa man zafin har fatar ta fara saɓulewa. Da ta ga ta koma saukowa daga bene a zaune, mataki bayan mataki, tana addu'ar kada maƙwabta su fito, sai ta nemi izini ta tafi asibiti.

Likitar yarinya ce, ba za ta girmi 'yarta ba. Ta ɗora ƙafar a cinyarta, ta lanƙwasa yatsun sama, ta danna babban yatsanta a wuri guda. Jirgi ta damƙe gefen gado.

"Nan ne, Mama?"

"Nan ne."

Hawaye suka zubo mata. Likitar ta ɗauka zafin ne, ta yi ta ba ta haƙuri. Jirgi ba ta iya gaya mata cewa ita ce ta farko da ta gano wurin ba.

Likitar ta yi mata bayani. Akwai wata jijiya mai faɗi da ta taso daga dunduniya zuwa yatsu, ita ce ta gaji da tsayuwa kan siminti har ta fara ciwo. In an kwanta sai ta ɗaure, shi ya sa takun farko ya fi zafi.

"Yaushe zan warke, 'yata?"

"Yana ɗaukar watanni, Mama. Kuma in ba ki rage tsayuwa ba, ba zai bar ki ba."

Jirgi ta bi duk abin da aka ce mata. Ta ajiye tawul kusa da matashi. Kafin ta taka ƙasa sai ta rataya shi a tafin ƙafa ta ja yatsun wajen ƙirjinta. Ta yar da silifas ɗin da suka sha duniya, ta koma takalmi mai taushin ciki, ko a ɗaki ba ta tafiya ba takalmi. Da yamma ta ciro gorar ruwa mai ƙanƙara daga firij ta riƙa murza ta da ƙafa. Akwai kuma motsa jikin da za ta dafa bango ta miƙe ƙafa baya har sharaɓa ta ja. Wata maƙwabciya ta taɓa ganinta tana yi a baranda, ta ce, "Inna, ginin ne zai faɗi?"

Saura tsayuwa. Ta sami manaja ta roƙi kujera. Mutumin kirki ne, ya zo da kansa ya duba. Teburin ya yi tsayi, hanyar kuma ta yi ƙunci, kujera za ta tare masu tire.

"Inna, ga shawara. Ki koma ɗakin baya kina manna tambari a leda. A zaune ake yi."

Ta yi godiya har da durƙusawa.

Ɗakin baya yana da taga ɗaya can sama, da fanka mai ƙara, da katan-katan na leda har rufi. Kujerar mai kyau ce. Ta bango tana jiyo dariyar matan, amma ba ta jin abin da ya jawo ta. Da farko Rediyo kan leƙo lokacin hutu ta sauke mata labarai a tsaitsaye. Hutun gajere ne, leƙen ya riƙa ja baya. In Jirgi ta fito wajensu lokacin tashi, sai ta tarar suna tsokanar juna da wata maganar da ba ta san mafarinta ba. Ta yi murmushi, ta ɗauki jakarta.

Ƙafar kuwa ta yi ta sauƙi a hankali. Wata safiya ta taka ƙasa ta ji ɗan tsami kawai. Ta tsaya tsakiyar ɗaki, ta sake takawa, ta sake. Ta kira 'yarta, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta ɗora ruwan shayi.

Ranar ta sami manaja ta ce tana son komawa teburi. Ya sosa ƙeya.

"Inna, na riga na sa wata a wurin. Kuma tsakani da Allah, in kika koma simintin nan, me kike ganin zai faru?"

Ta san amsar. Ta tsaya bakin ƙofa tana kallon teburin. Wata matashiya ce a gurbinta, hannunta da sauri, tana dariya har tana dafa kafaɗar Rediyo. Rediyo ta hango ta, ta ɗaga mata leda.

"Jirgi, ya gareji?"

"Ana kan gyara," in ji ta. Ta juya.

Bayan wani lokaci aka kawo kujera ta biyu ɗakin baya. Wani dattijo ne da ke raba burodi a kan keke, gwiwa ta hana shi. Ba mai magana ba ne. Gaisuwar safe, sai ta lokacin tashi. Jirgi ta nuna masa yadda ake manna tambarin kada ya karkace. Sannu a hankali ta fara ba shi labari, na jikokinta da ta fi gani a hoto, na mijinta da yadda yake gyaran agogo. Shi dai yana manna takardarsa, can ya ce, "To." Wani lokaci ba ta da tabbacin yana ji, saboda ƙarar fanka. Takan ɗan ɗaga murya ta ci gaba.