Kurkunu Ya Ajiye Ni a Zango

Ni ba ɗan Birnin Gwari ba ne. Kurkunu ne ya ajiye ni a nan.

Mun taso daga Zazzau da ayarin Gwanja, ni da wana, muna kora jakunan kanwa. Kafin mu sauka a zangon da ke bayan ganuwa ƙafata ta kumbura, ba na iya takawa. Madugu ya duba, ya ce gaba daji ne, ba a shigarsa da gurgu. Haka ake yi: a bar majinyaci hannun sarkin zango, a ɗauke shi a komowa.

Wana ya jefo mini bargonsa. Ya ce, "Rago, ka sami wurin kwanciya. Ka ga jakina mai tsagaggen kunne? Shi zai kai ka gida."

Na ce, "Yaya, ka dai dawo."

A lokacin zangon gari ne guda. Ga rijiya, ga rumfuna, mata na tuƙa tuwo, Gwarawa na kawo doya da itace. Wanzamin zango ne ya riƙa naɗe tsutsar a tsinke, kullum kaɗan, har ta fita. Ƙafar ba ta miƙe ba. Sarkin zango ya ba ni guga, na zama mai shayar da dabbobi. In wani cikin waɗanda aka bari ya mutu, ni ke haƙa masa kabari.

Duk ayarin da ya fito daga daji, kunnen jakuna nake fara dubawa.

Sai mahara suka kama hanyar. Ayari ya riƙa fitowa rabi, wasu da kibiya a jiki. Fatake suka sauya hanya. Masu tuwo suka koma cikin gari, rumfuna suka zube.

Wata rana da hantsi wani ƙaramin ayari ya sauka. Ga jakin nan, ya rame, ɗauke da goro. Na tambayi mai shi inda ya same shi.

Ya ce, "A wata kasuwa can yamma. Garke guda aka kawo daga daji, ba mai tambaya."

Na ce, "Masu su fa?"

Ya dube ni, ya tofar da goron bakinsa. "Baba, naka ne?"

Na ce, "A'a."

Na ja ruwa na ba jakin, ya sha ya ƙoshi. Washegari suka nufi Zazzau. Ban ƙara duba kunnen jaki ba. Na ci gaba da jan ruwa har rijiyar ta rufta.