Magagarin da Kawu Ya Zaɓa da Kunne

Shekarun baya, lokacin da nake ganin na gama sanin Guangzhou ta ƙasar Sin don kawai na iya cewa "nihaw" da "shishe", wato sannu da na gode, kawuna ya yi mini wani aike da har yau in na tuna sai abinci ya fita raina. Ni takalma nake sarowa a kasuwar Zhanxi Lu in kai Kano. Sanina da ƙarfe bai wuce kwaɗon shagona ba, shi ma sai na yi ta kokawa da shi kafin ya buɗe.

Kawu wan mahaifiyata ne, maƙeri, a ƙauyensu da ke bakin daji. Garma da fartanya da lauje su ne abincinsa, amma tun kakanni gidansu ne ke gyara wa maharba bindigoginsu na adaka. Da ɓarayin daji suka matsa wa yankin, ƴan bangar gari ba su da abin tsare iyalansu sai waɗannan tsofaffin bindigogi, kuma duk wadda ta lalace wurin Kawu ake kaiwa. Kayan aikinsa na gado ne, duk sun cinye. Wata bindiga da ya gyara ta fashe a hannun maƙwabcinsa, ta tafi da yatsunsa. Mahaifiyata ta ce kwana da kwanaki Kawu bai hura wutar maƙera ba.

Ina tsakiyar ciniki ya kira ni da wayar wani malamin makaranta.

"Ɗana, an ce garin da kake nan ake ƙera komai na duniya."

"Haka ake faɗa, Kawu."

"To magagari nake so, manya da ƙanana, da abin matse ƙarfe irin na kan tebur, da injin huda. Ba na kwalliya ba. Ba na son in sake raba wani da yatsunsa."

Na ce an gama, ina jin kaina wani babban mutum. Na nufi ofishin abokina da ke ɗora mana kaya a kwantena, mutumin zangon Kumasi ne, ya daɗe a garin har yana faɗa da direbobi da yarensu. Da na zayyana masa, sai ya tashi ya tura ƙofa, ya kira ni "masa", wato maigida a bakin mutanen Gana.

"Masa, a garin nan ko sunan bindiga kar ya fita a bakinka. Kayan maƙera kake saye, kuma gaskiya ne, kayan maƙera ne. Zan raka ka. Amma ka yi tunani. Mai gyara in hannunsa ya yi kyau, ba ƴan gari kaɗai ke jin labari ba."

Raina ya ɓaci. Na ce masa su mutanen Gana barci suke yi da ƙofa a buɗe, ba su san abin da ake ciki a wajenmu ba. Bai ja maganar ba, ya ɗauki hularsa muka fita.

A wata kasuwar kayan ƙarfe da ke unguwar Liwan muka shiga shagon wata mata mai tabarau. Ni da na saba zaɓen kaya da ido, nan take na ɗauko wani akwati ja mai ƙyalli, komai a jere kamar kayan lefe. Na kira Kawu ta bidiyo a wayar malamin nan ina haska masa, ina jiran yabo. Ko kallon kirki bai yi ba.

"Ajiye wannan. Samo zare ka rataye magagarin, ka buga shi da makulli, ka matso da wayar."

Ashe haka maƙeran gidansu ke zaɓen ƙarfe, da kunne. Na rataye, na buga. Ya ce wannan tari yake yi. Na buga wani, ya ce wannan bebe ne. Na buga na uku, ya ce in mayar wa mai shi ta yanka tuwo da shi. Ga ni ƙato da babbar riga, riƙe da zare ina kaɗa ƙarfe a bakin waya, masu shagunan kusa sun leƙo suna dariya. Abokina ya tambayi matar ko akwai wanda ya fi waɗannan, ta kaɗa hannu ta ce "meyo", wato babu. Haka muka yi ta bin shaguna har ƙafata ta yi ciwo, ko'ina tari da bebe. Da yamma muka sake biyowa ta gabanta, sai ta yafito mu. Ta shiga can ciki ta jawo wani kwali mai ƙura, ba fenti ba ado. Na rataye ɗaya na buga. Ƙarar ta fita siririya, ta daɗe ba ta mutu ba.

Kawu ya ce, "Sake bugawa."

Na sake.

"Shi ne. Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Matar ta ɗaga wa wayar babban yatsa ta ce Kawu shi ne lawban na gaske, wato maigida. Ranar na ji daɗin da ban taɓa ji a cinikin takalmi ba.

Kaya suka isa, aiki ya yi kyau. Mahaifiyata ta riƙa ba ni labari cewa har daga ƙauyukan nesa ake kawo wa Kawu gyara, kuma ba wadda ta sake fashewa. Ni kuwa duk majalisar da na zauna sai na ba da labarin zare da makulli, ina ƙara masa gishiri.

Zuwana na gaba, ina hawa na sama a Zhanxi Lu ina duba ɗinkin wasu takalman mata, mahaifiyata ta kira. Muryarta kawai na ji na zauna a kan kwali. Ta ce da rana tsaka ɓarayin daji suka shigo ƙauyen a kan babura. Ba su kori saniya ko ɗaya ba, ba su fasa rumbu ba. Tambaya ɗaya suka yi, ina maƙera. Suka ɗora Kawu a babur, suka ɗaure kayan aikin a bayan wani, suka koma daji.

Muka zauna jiran su kira su faɗi abin da za a ba su, kamar yadda suka saba. Ba su kira ba. Wannan shirun ya fi komai tayar mini da hankali, don ya nuna ba fansa suke so ba, hannunsa suke so. Na je ofishin abokina na faɗa masa, ina jiran ya tuna mini maganarsa. Ya rufe ofis, ya ja ni masallaci, ya zauna kusa da ni har aka yi la'asar.

Damina ta wuce, aka yi girbi, ba labari. Sai da ciwo ya kama Kawu, ƙafafunsa suka kumbura, hannunsa ya fara rawa, sannan suka yar da shi a bakin hanya ba ko takalmi. Kayan kuma suka riƙe. Muka yi ta godiya ga Allah, muna cewa an tsallake. Ba a daɗe ba suka dawo wa ƙauyen, wannan karon da harbi. Cikin waɗanda aka binne har da maƙwabcin nan mai guntayen yatsu.

Ina Guangzhou lokacin ma. Na kira don ta'aziyya, aka kai wa Kawu wayar. Ni da bakina da ba ya iya shiru, na ce in yana so in sake nemo masa wasu kayan, na san shagon.

"Kayanka ba su da laifi, ɗana. Ba su taɓa ba ni kunya ba. Shi ya sa ma aka ƙi sakina." Ya yi tari. "Ranar da suka zo ina kwance a cikin karan dawa. Ban ga kowa ba, amma ina ji. Duk bindigar da ta tashi na san ta. Na san wadda na gyara wa me."

Sai ya ce, "Takalma kake sayarwa, ko?"

"E, Kawu."

"To aiko mini da masu taushi. Birni za mu koma wajen uwarka, kuma ƙafar ba ta shiga na da."

Har yanzu ina zuwa garin, kuma har yanzu in na zauna ni kaɗai nakan juya abin. Da ban sayo ba, da wata bindigar ta sake cin hannun wani. Da na sayo, ga abin da ya biyo baya. Ban samu inda zan tsaya in ce nan ne daidai ba, kuma na daina fatan samu. Abin da na sani shi ne labarin zare da makulli ya fita daga bakina a majalisa, layin masu ƙarfe na Liwan kuwa zagaye shi nake yi. Kawu yana nan da rai a gidanmu, yana zama a ƙofar gida da takalmansa masu taushi. In cokali ya faɗi a tsakar gida ya yi ƙara, tashi yake ya shige ɗaki.